Tafiya Sannu Sannu Kwana Nesa: Daga Kano Zuwa Yankari Domin Duba Ayoyin Allah

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa duwatsu a cikinta, ya gudanar da koguna a tsakaninsu domin amfanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana Musulmi, a ƙasar nan babu waɗanda suka fi 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati yawan hawa hanya, kuma da wuya a sami waɗanda suka fi su rashin sanin abin da ke gefen hanyar. Ɗan kasuwa ya fita Kano da asuba, idonsa a kan agogo, zuciyarsa a kan farashi. Ma'aikaci ya tashi daga Kaduna zuwa taro a Bauci, fayil a cinyarsa, waya a kunnensa. Sai ka sami mutum ya shekara 20 yana bin hanya guda, amma in ka tambaye shi sunan kogin da ya ƙetare, ko inda ruwan kogin ya nufa, sai ya yi shiru. Wannan hasara ce a duniya, kuma hasara ce a addini, domin Allah ya ajiye ayoyinsa iri biyu: waɗanda ake karantawa a cikin Alƙur'ani, da waɗanda ake gani a bayan ƙasa. Abin da nake nufin bayyanawa a wannan mako shi ne, ya dace Musulmi ya keɓe 'yan kwanaki a shekara ya yi tafiya ta natsuwa tare da iyalinsa, ya tsaya inda ya kamata a tsaya, ya sauka daga mota ya taka ƙasa da ƙafarsa, kuma in ya gyara niyyarsa ya kiyaye ladubba, tafiyar nan za ta zama ibada.

Hukuncin irin wannan tafiya

Wani zai ce, ai ya zo cikin hadisi ingantacce, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, cewa tafiya wani yanki ne na azaba, kuma an umarci matafiyi ya gaggauta komawa ga iyalinsa da zarar ya biya bukatarsa. Haka ne. Amma hadisin yana magana ne a kan wahalar da ke cikin tafiya, da haƙƙin iyalin da aka bari a gida, bai hana fita ba. Wanda ya fita tare da iyalinsa, ya kuwa ƙayyade kwanakinsa, bai saɓa masa ba. Ga kuma Alƙur'ani mai girma ya yi ta maimaita kira zuwa ga tafiya a bayan ƙasa da dubawa. A Suratul Ankabut, aya ta 20, an yi umarni da a yi tafiya a duba yadda Allah ya fari halitta. A Suratul Hajji, aya ta 46, an zargi waɗanda ba su yi tafiyar da za ta ba su zukatan hankalta ba, aka kuma bayyana cewa makantar da ake tsoro ta zuci ce. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u a kan ladubban tafiya, ya kuma lissafa fita domin ganin ayoyin Allah a cikin ƙasa a sahun tafiyar neman ilmi. Magabatanmu ma da suka ce tafiya mabuɗin ilmi, ba su faɗi a banza ba.

Sai dai akwai wurin da ya kamata a yi hattara. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda Shehu Halil ya tsara a Muhtasar, sunnar ƙasaru tana ga matafiyin da bai fita domin saɓo ba, bai kuma fita domin wargi tsantsa ba. Masu sharhi sun ba da misalin mai wargi da wanda ya fita farauta don nishaɗi kawai, suka ce ƙasaru makaruhi ne a gare shi. To, a nan ne niyya take rarrabe mutum biyu da suka shiga mota ɗaya. Wanda ya fita don ya hutar da jikin da Allah ya ba shi amana, ya faranta wa iyalinsa, ya sada zumunci a hanya, ya yi tunani a kan halittar Ubangijinsa, tafiyarsa halal ce, kuma ana yi masa fatan lada. Wanda kuwa ya fita don ya yi nesa da idon da ya san shi, ya aikata abin da yake jin kunyar aikatawa a unguwarsu, wannan ba shi da rabo a cikin rangwamen shari'a.

Shiri kafin tashi

Guzuri na farko shi ne halal. Ma'aikaci kada ya ɗauki motar ofis da man ofis ya tafi yawon kansa, kada kuma ya rubuta tafiyar a matsayin rangadin aiki don ya karɓi kuɗin kwana, domin wannan cin amana ne komai ƙanƙantarsa. Ya jira hutunsa na shekara, ya tafi da abin da ya mallaka. Ɗan kasuwa kada ya taɓa jarin da wani ya ba shi juyawa, kada kuma ya fita shan iska alhali akwai mai binsa bashin da lokacinsa ya yi, ko zakkar da bai fitar ba. A bar wa waɗanda suka rage a gida abin da zai ishe su, a nemi izinin iyaye da addu'arsu.

In matafiya sun kai uku, sunna ce su shugabantar da ɗayansu. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son fita ranar Alhamis, kuma ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Sahabin da ya ruwaito wannan addu'a, Saharu al-Gamidi, ɗan kasuwa ne, ya riƙa tura hajarsa da sassafe, dukiyarsa kuwa ta yawaita. Ma'aikata su lura da ranar Juma'a: a wurin malamanmu, makaruhi ne wanda Juma'a ta wajaba a kansa ya tashi tafiya bayan fitowar alfijir, haramun ne kuma bayan rana ta yi zawali, sai fa in ya tabbata zai riski Juma'a a hanya.

A duba lafiyar mota, a ɗauki ruwa da buta da dadduma. Kuma tun da yake wasu dazuzzukanmu sun sha fama da ɓarayin shanu da 'yan fashi, wajibi ne a tambayi direbobin tasha da jami'an tsaro halin da hanya take ciki a makon da za a tashi, a yi tafiya da rana, in aka ce ba lafiya a ɗage. Matambayi ba ya ɓata, kuma tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi.

Game da gudu, akwai hadisi a Sahihu Muslim wanda ya dace a rubuta shi a zuciyar kowane direba. Ma'anarsa ita ce, in ana tafiya a lokacin yalwar ciyawa a bar raƙuma su sami rabonsu daga ƙasa, in kuwa lokacin fari ne a gaggauta wucewa, kuma in za a yada zango da dare a kauce wa tsakiyar hanya. Watau shari'a ta san wurin sauri, ta san wurin jinkiri. In an yi wa raƙumi wannan adalci, direban da ka ɗauka ya fi cancanta: ya huta, ya ci abin da ka ci, kada ka matsa masa ya yi gudun da zai jefa rayuka cikin halaka.

Daga Kano zuwa Jos

Bari mu ɗauki hanya guda don misali, wadda mai hutun mako ɗaya zai iya zagayawa ba tare da wahala ba: daga Kano zuwa Jos, zuwa Bauci, zuwa Yankari, sa'an nan a komo ta Ningi da Birnin Kudu.

Da an bar gidajen Kano a baya ta hanyar Zariya, ƙasaru ya fara, domin nisan da aka nufa ya wuce abin da shari'a ta ƙayyade. Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta ce baridi 4 ne, watau mil 48 na malaman fiƙihu, wanda ya kama kilomita 80 da 'yan kai. Azahar da La'asar da Lisha su koma raka'a bibbiyu, Asuba da Magariba suna nan yadda suke. Wanda ya nufi Kura kawai ya dawo, ba shi da ƙasaru.

Daga Kura zuwa Kadawa, in rani ne, za ka ga abin mamaki: ko'ina ya bushe, amma dama da hagu gonakin tumatir da alkama da shinkafa sun yi kore shar. Asirin wannan yana gaba kaɗan. Kafin a kai Kwanar Ɗangora akwai hanyar da ta ratse hagu zuwa madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano a zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama ta a 1974. Nan ne zangon farko. A sauka a taka a bakin ruwa da hantsi, a dubi masunta cikin kwale-kwalensu, da zalɓe tsaye a gefe yana jiran rabonsa. A nuna wa yara cewa tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa kudu, da wannan ruwa aka shayar da shi. Injiniyoyi sun tare ruwan, sun yi masa magudanai, Allah ya saka musu, amma ɗigo ɗaya ba su saukar daga sama ba. Ayar ƙarshe ta Suratul Mulki ta yi tambayar da ta dace a yi wa kai a irin wannan wuri, watau in ruwan ya ƙafe ya nutse cikin ƙasa, wa zai zo da wani.

Daga Kwanar Ɗangora a juya zuwa Tudun Wada, a shiga dajin Falgore. A nan ƙasa take sauya tufafi. Gawo da kuka da ɗorawa na gonakin Kano sukan ragu, doka da maje da kawo su yawaita, duwatsu su fara ɗagowa ta wajen Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Shi gawo da aka baro a baya abin lura ne ƙwarai: yana zubar da ganyensa da damina lokacin da kowace bishiya take tofo, don haka ba ya tare wa gero rana, sa'an nan ya yi ganye da rani lokacin da dabbobi suke neman inuwa da abinci. Wa ya koya masa wannan saɓani mai amfani? Cikin Falgore dai a wuce da rana, a kalla ta taga, kada a tsaya sai inda akwai jama'a da jami'ai.

Bayan Saminaka da Jengre hanya takan fara hawa. Jabir ɗan Abdullahi, Allah ya yarda da shi, ya ba da labarin cewa sahabbai sukan yi kabbara in suna hawa tudu, su yi tasbihi in suna gangara. A koya wa yara wannan, ya fi a bar su da waƙoƙin rediyo. Tsakanin Kano da Jos kusan kilomita 300 ne, mai natsuwa zai isa kafin La'asar ta yi sanyi.

Mai irin wannan tafiya ba ya cika bukatar haɗa salloli. Jam'i rangwame ne, kuma malamanmu sun yarda da shi ga matafiyin tudu, misali wanda rana ta yi zawali yana zango, ya kuwa yi niyyar ba zai sake sauka ba sai bayan faɗuwar rana, to ya haɗa Azahar da La'asar kafin ya tashi. Amma barinsa ya fi, kuma wanda ba mai korarsa, kowace salla ta zame masa dalilin tsayawa a sabon gari, ya yi alwala, ya gaisa da mutane. In ya bi limami mazaunin gari, sai ya cika salla tare da shi.

A kan tudun Jos

Garin Jos yana bisa tudun da ya ɗara mita 1,200 daga bakin teku, shi ya sa iskarsa take da sanyi, har ake noman dankalin Turawa da kayan lambun da ba sa jure zafin Kano. A kwana biyu a nan, a yi Juma'a a babban masallaci, ko da yake ba ta wajaba a kan matafiyi ba. Ƙasaru bai yanke ba, domin abin da ke yanke shi niyyar zaman kwana 4 cikakku.

Da safe a nemi ɗan jagora daga mutanen wurin a nufi duwatsun Shere, gabas da gari, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. Ba sai an kai ƙoli ba. Tafiyar sa'a guda a ƙafa ta isa mutum ya ga manyan duwatsu an ɗora wani kan wani kamar da hannu aka jera su, shekaru aru-aru ba su gangaro ba, ya ga gonakin acca an kewaye su da shingen ƙerana, ya ji numfashinsa yana fita da ƙarfi, ya tuna cewa jikin da ya saba da kujerar ofis da bencin kanti yana da haƙƙi a kansa. Suratu Faɗir, aya ta 27, ta ja hankali ga launukan duwatsu, fari da ja da baƙi ƙirin, aya ta gaba kuma ta danganta tsoron Allah da masu ilmi. Wanda ya tsaya a Shere ya karanta waɗannan ayoyi, zai fahimce su fahimtar da ba ta samuwa a ɗaki. Gani ya kori ji. Kuma son wuri mai kyau ba rauni ba ne ga mumini, domin ya tabbata cewa Manzon Allah ya bayyana ƙaunarsa ga dutsen Uhudu.

Babban abin lura a wannan tudu shi ne ruwa. Hadari ɗaya zai zubar da ruwansa a nan, amma ruwan ya rabu uku. Wani ya bi Kogin Kaduna ya faɗa Kwara. Wani ya bi Gongola, ya yi doguwar kwana ta arewa maso gabas, ya faɗa Binuwai a Numan. Wani kuma ya gangara arewa ta kogunan da ke haɗuwa su zama Jama'are da Haɗejiya, ya nufi Tafkin Cadi ta Yobe, bai taɓa ganin teku ba. Tazarar 'yan taku a kan tudu ita ke raba makomar ɗigo biyu da suka sauko tare. Haka al'amarin zuciya yake: karkata kaɗan a farkon niyya, sai ƙarshen tafiya ya yi nisa da juna kamar Ikko da Barno.

A gefen gari kuma akwai tafkuna masu zurfi da tarin jar ƙasa, ragowar haƙar kuzar da kamfanonin Turawa suka fara a farkon ƙarni na 20. An kwashe arziki an tafi, an bar ramuka. Ɗan kasuwa ya tsaya a nan ya tambayi kansa abin da cinikinsa zai bari a bayansa. A hana yara wanka a waɗannan tafkuna, suna da haɗari. In da sauran lokaci a shiga gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, a ga sashen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu.

Mutanen wannan ƙasa, Birom da Afizere da Anaguta da sauransu, da yawansu ba Musulmi ba ne, kuma garin ya ga fitinu a shekarun baya. Baƙo ya riƙe harshensa, ya gaida wanda ya tarar, ya nemi izini kafin ya ratsa gonar wani, ya biya ɗan jagora haƙƙinsa cikakke. Suratur Rum, aya ta 22, ta sanya bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, daidai da halittar sammai da ƙasa. Kyakkyawar mu'amalar baƙo ɗaya takan gyara abin da wa'azi goma bai gyara ba.

Bauci da Yankari

Daga Jos zuwa Bauci kimanin kilomita 130 ne, ta Tilden Fulani da Toro da Nabordo, ana gangarowa tsakanin duwatsu har a hango dutsen Zaranda. Bauci gari ne na Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma mai riƙe da tutarsa, wanda ya kafa birnin a 1809. A nan kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda aka kashe a watan Janairu na 1966. Ma'aikacin gwamnati ya ziyarce shi ziyara ta shari'a, ya yi sallama, ya roƙa masa gafara, ya tuna cewa mutumin da ya riƙe ƙasa duka an shaide shi da rashin tara abin duniya, kuma kujerar da kowa yake kai aro ce.

Daga Bauci a bi hanyar Gombe har Dindima, inda ake ƙetare Gongola, ruwan nan da aka baro mafarinsa a tudun Jos. A nan a juya dama zuwa ƙofar Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai tafiyar kilomita 40 da 'yan kai cikin daji kafin a isa masaukin Wikki. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sa'an nan aka mayar da shi ga Jihar Bauci a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Lokacin da ya fi dacewa da ganin namun daji shi ne rani, domin ƙishirwa takan tara su a bakin Kogin Gaji.

Ba a shiga dajin sai da jagora daga ma'aikatan wurin. Mai rabo zai ga giwaye, da ɓauna, da gwanki, da gwambaza, da mazo, da dorina da kada a cikin ruwa, da burtu yana takawa kamar mai sarauta. Wani kuwa zai yini bai ga komai ba sai gadu da gwaggon biri, domin dabbar daji ba ta da alkawari da kowa, kuma wannan ma darasi ne ga wanda ya saba ba da oda a bi. Gwaggon birin masaukin dai ɓarayi ne na ƙin ƙarawa, a rufe ƙofa da taga, kada a bar yaro da abinci a hannu.

Keɓe daji irin wannan yana da asali a shari'a. Manzon Allah ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza, don maslahar jama'a, malamai suna kiran wannan hima. Saboda haka dokar da ta hana farauta da sare itace a nan doka ce da ya wajaba a bi, kuma mai sayen nama ko haure daga hannun maharban sata abokin tarayyarsu ne a laifi. Giwayen Yankari suna cikin kaɗan da suka rage a Nijeriya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa, Manzon Allah ya ga uwar tana shawagi cikin damuwa, ya umarta a mayar mata, ya kuma yi inkarin ƙona gidan tururuwa. Haka nan ya yi gargaɗi mai tsanani a kan yin bayan gida a hanyar mutane, da inuwarsu, da mashayarsu. A kan wannan za a auna zubar da leda da gwangwani a wuraren hutawa. Abin da ka zo da shi, ka koma da shi.

Ƙasan masaukin akwai maɓuɓɓugar Wikki. Ruwa ne garai-garai yana fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, ana ganin yashin ƙasansa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma an ƙiyasta yana fitar da lita miliyan 21 a kowace rana. Masana sun ce ruwan sama ne yake tsatsafawa cikin dutse mai yashi, ya nutsa inda cikin ƙasa yake da ɗumi, ya tace, sa'an nan ya sami kafa ya fito. Wannan bayani bai rage komai daga mamakin ba, sai ma ya fassara abin da Suratuz Zumar, aya ta 21, ta ambata na saukar da ruwa da shigar da shi maɓuɓɓugai cikin ƙasa. Ruwan mai tsarki ne mai tsarkakewa, ana alwala da wanka da shi, domin ɗumi ba ya fitar da ruwa daga asalinsa, kuma ko da launinsa ya jirkita saboda ƙasar da yake zaune a kai, Risala ta ce bai ɓaci ba. Sai dai wurin yakan tara maza da mata, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba. Namiji ya rufe tsakanin cibiya da gwiwa, ya runtse idonsa, ya zaɓi sassafe lokacin da ba cunkoso. Mata kada su shiga inda maza suke. Kada a ɗauki hoton kowa da waya ba da yardarsa ba. In an ga munkarin da ba a iya gusarwa, a bar wurin.

A cikin dajin kuma akwai kufai: kogwanni fiye da 50 da aka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey fiye da 100, da tsofaffin wuraren narkar da tama. Mutane ne suka zauna a nan, suka yi sana'a, suka yi ciniki, suka haifi 'ya'ya, yau ko sunan ɗaya daga cikinsu ba a riƙe ba, giwa ce ke kiwo a inda suka hura wuta. Kashi na biyu ke nan na umarnin tafiya a Alƙur'ani, watau duba ƙarshen waɗanda suka gabata. A irin wannan wuri a rage dariya, a yawaita istigfari.

Hanyar komawa

Bayan kwana biyu a koma Bauci, a bi ta Ningi zuwa Birnin Kudu. A nan akwai zanen shanu a jikin duwatsu, aikin mutanen da, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, tsayawar sa'a guda ta isa. Sa'an nan a ƙetare gadar Wudil. Ruwan da ke ƙarƙashinta shi ne na Kogin Kano da aka gani a Tiga, bayan ya haɗu da Calawa, yana kan hanyarsa ta zuwa Haɗejiya. Wanda ya yi wannan zagaye ba zai sake ƙetare gadar nan yana barci ba.

Ƙasaru yana ƙarewa da isowa gidajen gari. A sanar da mutanen gida lokacin isowa, domin an hana matafiyi ya faɗo wa iyalinsa da dare ba labari. Sunna ce a fara da masallaci a yi nafila raka'a biyu. A riƙo tsaraba komai ƙanƙantarta, dankalin Jos ko zumar hanya, a ba maƙwabta. Kuma kada a manta, addu'ar matafiyi tana cikin waɗanda ake karɓa, saboda haka a yawaita roƙa wa iyaye, da ƙasa, da shugabanni, musamman a roƙi Allah ya dawo da aminci a hanyoyinmu da dazuzzukanmu.

Ma'aunin tafiyar kuwa yana bayan an dawo. In ɗan kasuwa ya koma rumfarsa ya ga mudunsa ya ƙara cika, ma'aikaci ya koma teburinsa ya ji nauyin fayil ɗin talakan da ya daɗe yana jira, in yara sun fara tambayar wa ya halicci wannan, to an yi tafiya. Wanda ba shi da halin zuwa Yankari kada ya ce an bar shi a baya. Ya hau Dala ko Gwauron Dutse da yamma, ko Kufena in yana Zariya, ko ya fita bayan garinsu bayan saukar ruwan farko, ya dubi ƙasar da ta mutu jiya ta rayu yau.

Allah ya buɗe idanun zukatanmu, ya kai mu inda muka nufa lafiya, ya komo da mu ga iyalanmu lafiya, ya sa tafiyarmu ta ƙarshe ta zama zuwa ga rahamarsa. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.